Ginshiƙi na Uku a Gidan Andoni

Ranar Asabar da safe ƙofar Madam Durriya ta ƙi buɗuwa. Ta murɗa makulli, ta ja, ƙyauren ya cije daga sama. Sai da ta dafa bango da ƙafa ta fizga da hannu biyu sannan ya saki, farar ƙura ta zubo mata a kan takalmi. Shekara talatin da huɗu tana buɗe wannan ƙofa, ba ta taɓa yi mata gardama ba.

Ba ta aika a kira kafinta ba. Ta yi shekara ashirin da tara tana zanen taswira a ofishin safiyo na Iskandariyya kafin ta yi ritaya, ta kuma san katako ba ya kumbura a watan Yuni, lokacin da ba a ruwan sama a garin. Ta koma falo ta yaye labule, ta bi bango da ido. A bayan hoton marigayi mijinta ta samu abin da take nema: tsaga siririya kamar zare, ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace.

Kwana huɗu ke nan ana buga guduma a ƙasa.

Gidan Andoni hawa huɗu ne, a unguwar Attarin. Wani Bagirke mai fataucin auduga ya gina shi a 1911 da farin dutse. A ƙasa shaguna shida ne a jere, kowanne a ƙarƙashin baka na dutse, kuma tsakanin baka da baka akwai ginshiƙi mai faɗin mita guda, an sassaƙa ganye a kansa. A sama gidajen haya ne goma sha biyu. Gefen babbar ƙofa akwai ɗan allon ƙarfe mai lamba, wanda ke nuna ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba a rushe shi. Magadan da suka mallake shi suna Alƙahira. Kowa a gidan ya san babu abin da suka tsana kamar wannan allo.

Ta sauko. Ammu Mitwalli mai tsaron ƙofa yana zaune a bencinsa da kofin shayi.

"Ammu Mitwalli, wa ke fasa mana gida?"

"Fasa gida kuma, Madam? Gyara ne. Mu'allim Subhi ya karɓi shagon marigayi mai agogo, zai haɗa da nasa na rigunan amare. Ya ce gilashi guda zai sa tun daga nan har can, amarya ta hango rigarta tun tana cikin jirgin taram a kan titi."

"Ka shiga ka gani?"

"Ni? An ba ni shayi an ce in riƙe bencina."

An rufe gaban shagunan biyu da tamfol shuɗi. Ta ɗaga gefe ta shiga. An riga an rushe siririn bangon bulo da ke raba su, wannan bai dame ta ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne ginshiƙin da ke tsakanin bakunan biyu, na uku daga kwanar titi. Ta waje yana nan da ganyensa. Ta ciki an cinye kusan rabinsa.

Wani mutum ɗan shekara talatin da wani abu, ƙura har gira, ya ajiye shebur.

"Sannu, Hajja. Kula da ƙafarki, akwai ƙusa."

"Kai ne maginin? Wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Ni ne, sunana Rida. Kada ki damu, na duba shi. Kwalliya ce kawai. Na huda shi har tsakiya, ko rodi ɗaya babu. Dutse ne zalla da farar ƙasa. Ginshiƙin da ke ɗauke da gini ai da rodi ake gane shi."

"Benaye nawa ka gina?"

"Tara. Ɗaya ma hawa goma sha biyu, a Asafira."

"Duk kankare?"

"To da me ake gini, Hajja?"

Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya sani ke nan. Ta gaya masa a hankali cewa shekarar da aka yi wannan gida babu wanda ke sa rodi a irinsa. Dutsen ne ke ɗauke da komai. Bakunan biyu suna sauke nauyinsu a kan wannan ginshiƙi, a kansu kuma akwai hawa uku da rufi da tankunan ruwa. Rida ya saurara da ladabi, yana kallon agogonsa.

Tana cikin magana Mu'allim Subhi ya shigo, ƙamshin turarensa a gaba. A wannan layi ya girma. Ubansa maɓallai yake sayarwa a wannan shago, kuma Durriya ta san shi tun yana awon leshi da gajeren wando.

"A'a, Madam Injiniya da kanta! Rida, kujera. Ko kin zo zaɓen riga ne? Har yanzu da sauranki, wallahi."

"Subhi, ƙofata ta cije yau. Bangona ya tsage."

"Gida ya haura shekara ɗari, Madam. Ni da nake hamsin, gwiwata cijewa take kowace safiya."

"Ka tsayar da aikin nan."

"An riga an yanka gilashi, mita shida. Bayan Sallah biki ne ko'ina, iyayen amare sun fara layi. Ki ce in tsaya saboda ƙofa? Zan turo miki kafinta ya fere ta, kyauta." Ya juya wajen maginin. "Yaushe za ka gama da shi?"

"Gobe za a kawo injin fasa dutse. Kafin azahar babu shi."

Bayan la'asar ta tara maƙwabta a kan matakalar hawa na biyu. Ta yi musu bayani da fensir a bayan kalanda. Da ta gama, wani ya ce to a kai ƙara gunduma. Ummu Tamir, wadda gidanta ke daidai saman shagon Subhi, ta miƙe tsaye.

"Gunduma? Kuna cikin hankalinku? Kun manta gidan da ke bayan coci? Injiniya ya zo da safe, ya ga tsaga, ya rubuta haɗari. Kwana biyu aka ba su su kwashe kaya. Wata shida aka cire shi daga rajista. Yanzu hawa goma sha huɗu ne a wurin, su kuma mutanen wa ya san inda suke? Ni da jikoki uku ina zan nufa? Durriya, in kin kira hukuma, magada har rago za su yanka miki."

Gaskiya ta faɗa, Durriya ta sani. Allon da ke ƙofa yana kare gini ne muddin ginin na tsaye da ƙafarsa. Idan aka bar Subhi, gidan zai faɗi. Idan aka kira injiniya, za a kore su a rushe shi da takarda. Abin da ya rage shi ne a mayar da ginshiƙin yadda yake, ba tare da kowa ya rubuta komai ba.

"Ba zan je gunduma ba," in ji ta. "Amma ku yi abin da na ce. Ummu Tamir, ki kwashe yaran zuwa ɗakin baya. Ammu Mitwalli, ka hau rufi ka zubar da ruwan tankunan nan biyu."

"Mu yi wanka da me?"

"Da bokiti, kamar kakanninku."

Kafin magariba ta hau unguwar Kom Dikka, inda Usta Girgis ke buga domino a kantin gahawa. Maginin dutse ne, ya haura saba'in, kuma rabin tsofaffin masallatai da coci-cocin garin sun san hannunsa. Ta zana masa ginshiƙin a kan takardar sukari, ta yi duhu a wurin da aka cinye. Ya daɗe yana kallo.

"Wane jakin ne?"

"Ba jaki ba ne. Ɗan kankare ne."

"Duk ɗaya. Gobe Lahadi, ina coci har sha ɗaya da rabi. Ki hana su taɓa shi kafin in zo."

"Ta yaya?"

"Madam, ni dutse na sani."

Da ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi Rida ya ɗaga ƙofar ƙarfe ta shagon, irin mai naɗewa sama, ma'aikata biyu na biye da shi da injin fasa dutse. Durriya ta bi bayansu da kujerar kicin a hannu ɗaya, jaka da jarida a ɗayan. Ta ajiye kujerar, ta jingina bayanta da abin da ya rage na ginshiƙin, ta buɗe jarida.

"Hajja, don Allah."

"Ku yi aikinku. Ban hana ba."

Ma'aikatan suka dubi juna. Babu wanda zai kunna inji a saman kan dattijuwa, a layin da kowa ya san ta. Suka ajiye shi, suka fita shan taba. Rida ya buga waya.

Dutsen yana da sanyi a bayanta. Ta san abin da ke samansa, ta ma ƙiyasta nauyinsa jiya a bayan kalanda, don haka ba ta ɗaga kai ba. Ta karanta jaridar daga farko har shafin ta'aziyya, ta sake komawa farko.

Subhi ya iso da goma. Kafin nan mai yanka makulli da tela da mai ruwan rake duk sun bar shagunansu sun taru a bakin tamfol.

"Madam Durriya, shagon nan naki ne?"

"A'a."

"To me kike yi a ciki?"

"Ina zaune ƙarƙashin ɗakina."

"Wallahi in sa a ɗauke ki har kujerar."

"Sa a ɗauka."

Ya dubi ma'aikatan, suka dubi ƙasa. Tela ya ce, "Subhi, ita ce fa ta rubuta wa ubanka takardar asibiti." Subhi ya ce bai tambayi tarihi ba. Ya gwada lallashi, ya aika aka kawo mata ruwan lemo. Ta sha, ta yi godiya, ba ta motsa ba. Ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, su zo su ga abin da ake yi wa gini mai allo a ƙofa. Ya mayar da wayar aljihu.

Usta Girgis ya shigo da sha biyu saura, da rigar coci. Bai gai da kowa ba. Ya zaga ginshiƙin sau biyu, ya shafa haɗin duwatsun bakan da ɗan yatsa, ya duba abin da ya manne masa. Sannan ya ciro igiya da ƙusa biyu, ya ja ta daga gindin baka zuwa ɗaya gindin, ya auna tsakiya da sandarsa. Ya fita ya yi haka a shagon tela, ya dawo.

"Naka ya sauka da yatsa biyu," in ji shi. "A tokare shi yau."

"Wane ne kuma wannan?" in ji Subhi. "Madam, har gayyar tsofaffi kika yi mini? Baba, koma ka ƙarasa dominonka."

"Zan koma. Ni ba a nan nake kwana ba."

Mutane suka yi dariya, dariyar kuwa ta ɓata wa Subhi rai fiye da komai. Fuskarsa ta yi ja.

"To shi ke nan. Tunda zama take so, ta zauna. Kowa ya fita, zan rufe shagona. In ta gaji ta ƙwanƙwasa."

Aka fita. Durriya ta ninke jaridar ta ɗora a cinya. Subhi ya tsaya a bakin titi, ya kama hannun ƙofar ƙarfen ya jawo da ƙarfi. Ta sauko da ƙara har daidai ƙugunsa, ta tsaya. Ya sake ja. Ya taka ta da ƙafa, ya rataya da duk nauyinsa. Ba ta motsa ba. Ya gwada mayar da ita sama, nan ma ta ƙi.

"Rida! Me ka yi wa ƙofar nan?"

"Ban yi mata komai ba, Mu'allim." Ya dubi saman ƙofar. "Da safe ma sai da na sa kafaɗa kafin ta hau."

"Jiya fa?"

"Jiya lafiya lau."

Usta Girgis ya nuna da sanda inda layin ƙarfen da ƙofar ke bi ya lanƙwashe kusa da sama. Subhi ya sunkuya ya leƙa ta ƙarƙashin ƙofar. Daga ciki Durriya tana ganin fuskarsa a kife. Ba ita yake kallo ba. Yana kallon wani siririn rairayi da ke zubowa daga haɗin dutse, a hankali, yana taruwa a kan ledar da aka rufe rigunan amare da ita.

Ya rarrafo ciki da rigarsa mai tsada.

"Madam, tashi daga nan."

"Sai an tokare."

"Na ji. Na ce na ji! Tashi, don girman Allah." Ya juya. "Usta, me ake bukata?"

"Gungume takwas masu kauri, da katakon da za a yi wa bakan shimfiɗa. Wajen masu sassaƙa jiragen ruwa na Anfushi za ka samu. Ka ce ni na aiko ka."

"Gilashina fa? Mita shida."

"A raba shi biyu," in ji Durriya. Ba ta tashi ba sai da ta ji ƙarar keken doki a bakin layi, wajen ƙarfe uku.

Kafin magariba gungume takwas na tsaye ƙarƙashin bakunan biyu, huɗu-huɗu, an danna musu katakai masu tsini ta ƙasa har suka kama. Tela da mai makulli suka ɗauki kaya a kafaɗa. Ummu Tamir ta sauko da tukunyar wake da burodi. Washegari Usta Girgis ya tafi da Subhi wajen wani dillalin tsofaffin duwatsu, ya ƙi goma sha biyu kafin ya zaɓi waɗanda yake so. Ya hana a kawo siminti kusa da wurin. Farar ƙasa da yashi ya kwaɓa, ya bar su suka kwana biyu a jiƙe.

Rida bai tafi ba. Shi ke miƙa dutse, shi ke shan zagi.

"Ba haka ba, ɗan kankare! Dutse yana da kwanciyarsa. Yadda ya kwanta a cikin tsauni haka za ka kwantar da shi a nan."

"To ta ina zan gane, Usta?"

"Idonka na kwalliya ne?"

Layi biyu kawai suke ɗorawa a rana. Subhi yana zuwa kowace safiya ya ƙirga, ya yi tsaki, ya tafi. A rana ta biyar lauyan magada ya bayyana, wani ya kai masa labari. Ammu Mitwalli ya tare shi a benci, ya ba shi shayi, ya ce fenti ake yi wa shagon amare, kuma mata ne a ciki suna gwajin riga. Lauyan ya dubi tamfol, ya dubi agogo, ya ce jirginsa na ƙarfe biyu ne.

Durriya tana sauka sau biyu a rana. Ba ta ba da umarni, kallo kawai take yi, ta auna tsagar bangonta da ma'auninta na safiyo in ta koma sama. Tun ranar da aka tokare, tsagar ba ta ƙara ko gashi ba.

An sa dutse na ƙarshe a rana ta goma sha ɗaya. Usta Girgis ya ce a bar shi mako uku kafin a cire gungumen. Subhi ya ce ya kashe shi. Aka bar shi mako uku.

Ranar cirewa Laraba ce, da hantsi. An fitar da kowa daga gidajen ɓangaren, suka tsaya a ɗaya gefen titi da yara a hannu. Usta Girgis ya ce a yadda ya koya, wanda ya ɗora dutse shi ke tsayawa a ƙasa idan za a cire tokari. Ya shiga ya tsaya, ya dafa ginshiƙin da tafin hannu. Rida na riƙe da guduma.

Durriya ta tsallaka titi ta shiga ta tsaya gefensa.

"Madam, ba dole ba ne."

"Na sani." Ta waiwaya. "Subhi! Shagonka ne ko na tela?"

Ya zo, yana jan carbi da sauri, ya tsaya kusa da ƙofa.

Rida ya fara daga na gefe. Ya buga katakon ƙasa a hankali, gungumen ya saki, ma'aikata suka tare shi suka fitar. Na biyu. Na uku. A na shida wani abu ya yi ƙara a sama, gajeriya, kamar an taka busasshen kara. Rida ya tsaya da guduma a sama.

"Ci gaba," in ji Usta Girgis. "Zama yake yi."

Na bakwai ya fita. Na takwas ya ɗan cije, Rida ya ƙara masa biyu, ya faɗo hannun ma'aikata. 'Yar ƙura ta sauko kan kafaɗar Durriya. Tsohon bai ɗauke hannunsa daga dutsen ba. Ya runtse ido, ya daɗe haka, har taram ta wuce a babban titi ƙasa ta yi rawa ta daina.

"Ya karɓa," in ji shi.

Daga can gefen titi Ummu Tamir ta rangaɗa guɗa. Subhi ya zauna a kan buhun yashi ya share goshi, ya ce a kawo wa kowa ruwan rake, shi zai biya. Rida ya ajiye gudumar ya tsaya yana kallon bakan.

Durriya ta kaɗe kafaɗarta. Usta Girgis ya nufi bokitin ruwa.

"Usta, kafin ka wanke hannu."

"Me kuma?"

"Jiya na shiga shagon mai ruwan rake. Ya fafe ginshiƙi na biyar ta ciki, ya cusa firji."

Tsohon ya dube ta, ya dubi bokitin.

"Tun yaushe?"

"Ya ce shekara biyu. Ya ce babu rodi a ciki."

Ya ɗauki igiyarsa da ƙusoshi biyu. Ta wuce gaba, ya bi ta.